Rabon Gado a Samaru

Daga gadar Kwangila zuwa babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello tafiyar 'yan mintuna ce a bas, in dai direba bai tsaya lodi a Hanwa da Palladan ba. Hanyar Sakkwato ce, wadda ke bi ta Funtuwa. Tun kafin a kai ƙofa za ka ga masu katifa sun jingine hajarsu a bango, ga bokitai da risho da tukwane da kwaɗon ƙofa an baza a bakin titi. Duk mutumin Samaru in ya ga kasuwar katifa ta ci haka, ya san an dawo hutu.

Da hunturu na je, lokacin da hazo ke rufe saman dogon benen Majalisar Jami'a har hantsi. Harabar na da faɗi da inuwa, darbejiya da maɗaci da mangwaro sun yi layi, ɗalibai kuma na ta kai da komo tsakanin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da azuzuwa, kowa a ƙudundune cikin rigar sanyi. In ka kasa kunne minti biyar a gindin bishiya guda, za ka ji Hausa iri-iri, ta Kano da ta Sakkwato da ta Jos, ka ji Yarbanci da Fulatanci da Tibi da Nufanci, sannan ga Turancin buroka yana ɗinke tsakani.

Wannan cakuɗa ba yau ta fara ba. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna ne uban jami'a na farko, shugabanta na farko kuwa Norman Alexander, mutumin New Zealand. Da ya tafi a 1966 aka naɗa Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, likitan yara. Tun ma kafin a yi jami'ar, a wannan fili ne matasan masu zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, duk 'yan Kudu, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, lokacin wurin yana kwalejin fasaha da kimiyya. Yau kuma tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, shi ke ci gaba da zubo yara daga kowane lungu.

Sai dai tara mutane daban, zaunar da su daban. Masu ɗaukar ɗalibai aikinsu ya ƙare ran da suna ya fito. Daga nan sai Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, kuma wurinsu na zo.

Ba sai ka tambayi hanya ba, layi zai nuna maka. Yara ne riƙe da fayil mai roba, wasu a tsaye, wasu a tsugune, wasu sun zo da iyayensu. Wani dattijo da babbar riga da carbi yana zaune a kan benci, 'yarsa na gefe ta sunkuyar da kai, ka san yau ne farkon rabuwarsu. Abin da ke kan teburin wannan sashe ya fi ƙarfin teburin: ɗakunan kwana, rajistar ƙungiyoyin ɗalibai, zaɓen majalisar wakilansu, tura sunayen masu tafiya bautar ƙasa, ladabtarwa, ba da shawara, da kuma aikin da babu mai son sa, wato kiran iyaye a waya in ɗalibi ya yi hatsari ko ya rasu. Amma kusan duk wanda ke layin nan abu guda ya kawo shi. Gado.

Yanzu ta intanet ake neman gurbi. Ana buɗe shafin, a yi rububi, kafin ka ce kwabo an cinye. Wanda sabis ya yi wa gardama a ƙauyensu sai ya taho da ƙafarsa, ya tsaya gaban magatakarda yana “Ranka ya daɗe, a taimaka, ba ni da kowa a Zariya.” Magatakardan ya ji wannan jimla har ba ya iya ƙirgawa, kuma mafi yawan masu faɗinta gaskiya suke faɗi. Na zauna kusa da tebur ɗaya na ga yadda ake yi. Wata ma'aikaciya mai matsakaicin shekaru ta karɓi takardar wata yarinya mai sanda, ta duba, ta tashi da kanta ta shiga ciki, ta dawo da lambar ɗaki a hawa na ƙasa, kusa da famfo. Na bayanta lafiyayye ne, ta ce masa ya je ya ci gaba da duba shafi. Bai ji daɗi ba, ita ma fuskarta ba ta nuna ta ji daɗi ba. A nan na fahimci cewa rabin aikin shi ne iya cewa babu ba tare da an wulaƙanta mutum ba.

Sunayen ɗakunan kwanan su kansu darasin tarihi ne. Akwai Amina, ta mata, mai sunan sarauniyar Zazzau; akwai Ribadu; akwai Ɗanfodiyo; akwai Suleiman; akwai Alexander, wanda ɗalibai suka gutsure ya koma Alex; akwai Ramat na tunawa da Murtala; akwai Akenzua, sunan Oban Benin wanda ya zama uban jami'a bayan kisan Sardauna. A harabar Kongo kuma ga Ali Akilu da Tafawa Ɓalewa. Yaro ya taso daga Gumel ya kwana shekara guda a ƙarƙashin sunan sarkin Benin, ko bai taɓa tambayar wane ne ba.

Na samu izini na shiga ɗaya daga ɗakunan maza da yamma. Gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, ga kuma katifu a naɗe a lungu, na 'yan raɓe, waɗanda doka ba ta san da su ba amma kowa ya sani. A ƙarƙashin kowane gado akwai buhun gida, kuma daga buhun kake gane mai shi. Wannan garin kwaki da manja da busasshen kifi, wancan shinkafa 'yar gida da ƙuli-ƙuli da yaji a robar Bournvita, na can lungu doya ce jibgi guda. Sallaya na rataye a ƙarfen gado, a kan tagar da ke kusa da ita Littafi Mai Tsarki ne da tocila a kansa. Buta biyu, bokiti huɗu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Risho ɗaya ke ci, an ɗora wake, mutum biyar na jiransa, kuma ba mai risho ne ya kawo waken ba.

Da na tambaye su abin da ke haɗa su faɗa, babu wanda ya ambaci aƙida ko siyasa. Agogon wayar mai tashi asuba ne, da ke kaɗawa ya tashi kowa ban da mai shi. Waƙar addu'ar dare ce in ta yi ƙarfi. Wane ne ya ɗauki ruwan da na ɗebo tun asuba. Wane nama aka dafa a tukunyata da ba na nan. Ƙananan abubuwa ne, amma a ƙasar da ƙaramin abu ke saurin sa rigar addini, ba a raina su. Rikicin Kafancan na watan Maris 1987 a cikin harabar kwalejin ilimi ya tashi, tsakanin ɗalibai, kafin ya watsu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Tsofaffin ma'aikatan Samaru ba su manta ba. Shi ya sa maganar tukunya ba ta kwana. Gwamnan ɗaki, wanda ɗalibai ke zaɓa, shi zai fara sa baki. In ta gagara a kai wa jami'in da ke kula da ginin. In ta ɗauko launin addini a kira shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ta Kiristoci ta FCS, a zauna. Waɗannan ƙungiyoyi sun girmi jami'ar, ɗaya an kafa ta a Legas a 1954, ɗayar a Gindiri a 1957, kuma duk mai hankali a wannan sashe yana ajiye lambar shugabanninsu kusa.

A ganina abin da ake samu a ɗakin nan ya fi duk wata lacca kan haɗin kan ƙasa. Ba wai suna fita sun zama masoya ba ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma wanda ya yi shekara yana cin wake a kwano ɗaya da Batibi, ya ga yadda yake kuka ran da aka bugo masa uwarsa ta rasu, da wuya wani ɗan siyasa ya zo daga baya ya sayar masa da labarin cewa mutanen nan duk halinsu ɗaya. Na ga wani ɗan Inugu yana tsokanar abokinsa Bakano da “Malam, an kira salla fa,” don ya tashi ya bar masa wurin cajin waya. Wasa ne, amma sai wanda ya san lokutan sallarka ke iya yi maka shi.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai ba shi da ofis. Mai tsaron ƙofar ginin ne, wanda yara ke kira Baba. Ɗan ɗakinsa na bakin shiga, da allon makullai a bango, da babban littafi mai bangon kwali da ake rubuta duk abin da ya faru, da 'yar rediyo, da flas ɗin shayi. Ya san wanda ke fita karatun kwana da wanda ke fita yawo da sunan karatun kwana. Ya san wanda kuɗinsa ya ƙare, don ya daina wucewa da leda. A gabana ya tsayar da wani yaro siriri, ya ce, “Kai ɗana, ina abokin naka mai gilashi? Kwana biyu ban gan shi ba.” Yaron ya ce yana ciki, kwance. Baba ya ce a je a taso shi, yana son ganinsa. Ba a rubuta wannan a takardar aikinsa ba, kuma babu wani alawus a kai.

Nan ne maganar lafiya ta shigo, kuma ba a asibiti take farawa ba. A ciki take farawa, cikin tumbi. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin kafteriya da tikitin abinci da kaza ranar Lahadi, har yaran yanzu su ɗauka tatsuniya ce. A 1984 aka soke ciyarwar. Tun daga nan ɗalibi ke ci da kansa, kuma aka samu lissafin nan da kowane ɗalibin Najeriya ya sani, 0-1-0: babu karin kumallo, a ci da rana, a kwana da haƙuri. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sifirin ya ƙara yawa. Asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana ba wanda ya samu naira 20,000 a wata, ya rage zafi, amma wanda ya san farashin mudun shinkafa ya san iyakarta. Shi ya sa layin mai awara da mai garau-garau ya fi na gidajen abinci tsawo. Yaron da ke layin nan da yunwa zai shiga lacca, da yunwa zai zauna jarrabawa, in ya kwaso kari-oba kuma a ce ba ya karatu.

Asibitin jami'a, wanda kowa ke kira Sikbe, yana karɓar ɗalibai a ƙarƙashin inshorar lafiya ta manyan makarantu da ake biya cikin kuɗin rajista. Abin da ya fi ƙarfinsa a tura asibitin koyarwa na Shika. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da gyambon ciki ba su da wuyar kai kansu. Mai wuya shi ne ciwon da ba ya sa jiki zafi. Yarinya ta daina magana, ta daina wanka, ta rufe fuska da bargo tun safe. Yaro mai ƙoƙari ya fara surutai shi kaɗai ana saura mako guda jarrabawa. A gidajenmu sunan wannan iska ko sammu, a wasu gidajen kuma a ce harin maƙiya ne, a nufi wurin ruƙiyya ko wurin fasto. Akwai cibiyar ba da shawara a jami'ar, amma ɗalibi na tsoron a gan shi yana shiga, kada a ce ya taɓu. Masu aikin da suka goge ba sa jayayya da iyaye a kan addu'a; su kan ce a yi addu'ar, a kuma bari likita ya gani. Sai a watan Janairun 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Doka ta sauya, amma bakin mutane bai riga ya sauya ba.

Ga kuma ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da su a shekara guda. A shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin. Jami'a ba tsibiri ba ce. Wani da tiramol ya fara don ya iya karatun kwana. In aka kama shi, takarda na zuwa teburin sashen nan, kuma mutanen da za su kai shi gaban kwamitin ladabtarwa su ne dai waɗanda ya kamata ya kai wa kukansa tun farko. Wannan tufka da warwara na cikin aikin, ba a Samaru kaɗai ba. Hannu ɗaya ke riƙe da bulala da magani, yaro kuwa bulalar yake fara hangowa.

Yajin aikin malamai ma ciwo ne, ko da ba a rubuta shi a katin asibiti. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, bayan na 2020 da ya haɗu da kullen korona. Akwai masu ƙirga shekarunsu da yatsa, don wanda ya haura 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa. Aka dawo aka matse zangon karatu, aka jera jarrabawa kan jarrabawa.

Ba duka ne baƙin labari ba. Da la'asar filayen wasa na cika, kuma ƙwallon kwando na da tsohon gida a Samaru. Kocin nan Ba'amurke Oliver Johnson, wanda ake kira OBJ, ya shafe shekaru yana horar da yara a nan. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. A fili babu mai tambayar jiharka, a ba ka ƙwallo ka jefa kawai. Sa'a guda ta gumi na sauke abin da shawara ba ta sauke ba.

To su masu aikin fa, wa ke duba su? Shugaban sashen malami ne, yawanci farfesa, da laccarsa da ɗalibansa na digiri na biyu da na uku, aka ɗora masa wannan a kai. Wayarsa ba ta mutuwa. Ruwa ya ɗauke, shi; wuta ta kama a ɗaki saboda hita, shi; mota ta kaɗe ɗalibi a titin Sakkwato da tsakar dare, shi. A Amurka wannan sana'a ce da ake yi wa digiri na biyu takanas. A nan galibi canjin wurin aiki ne ke kawo mutum, daga rajista ko wani ofishi, ya koya a bakin aiki. Su saurari yunwar yaran mutane da rana, su koma gida su tarar da tasu. Na lura da wata ma'aikaciya da ta buɗe kular abincinta sau biyu tana rufewa saboda ana ƙwanƙwasa ƙofa. Da azahar ta wuce sai ta miƙa wa wata ɗaliba da ta zo tana kuka. Kyautatawa ce, amma jami'a ba za ta dogara da kular ma'aikaciya ba.

Kuma tarihi ya nuna ba ƙaramin wuri suke tsaro ba. Zanga-zangar “Ali Must Go” ta Afrilun 1978 a kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci na yini ta tashi, aka kuma kashe ɗalibai a Samaru. Bayan shekara takwas, ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da ita, suka bi ta cikin Amina, inda aka hana maza shiga. Hukuma ta hukunta shugabanninsu, aka tayar da “Ango Must Go”, ranar 23 ga Mayu, 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Aka kafa kwamitin Janar Abisoye, aka rufe jami'o'i da dama, Farfesa Ango Abdullahi ya bar kujerar shugabancin jami'ar a shekarar. Farashin kwanon abinci da ƙofar ɗakin kwanan mata: duka biyun a teburin harkokin ɗalibai suke.

Abin da ya fi damuna sai da na fita ta ƙofa na gan shi. Gadajen da ke ciki ba sa ɗaukar ko kusa da yawan ɗaliban, saboda haka dubbai na haya a cikin gari, Hayin Dogo da Ɗanraka da Zango da Palladan. A can babu kwamfutar da za ta jefa ka ɗaki ɗaya da baƙo. Kai za ka zaɓi abokin zama, kuma kowa ɗan garinsu yake nema, ko ɗan masallacinsu, ko ɗan cocinsu, don da shi zai iya haɗa kuɗin haya ya yi barci da ido biyu a rufe. Ba laifinsu ba ne. Amma sakamakon shi ne yaro zai iya yin shekara huɗu a jami'ar da ta fi kowace tinƙaho da tara 'yan ƙasa, ya fita bai taɓa raba tukunya da wanda ba nasa ba. Azuzuwa na haɗa su sa'a biyu, kowa ya kama gabansa.

A can kuma babu Baba. In ɗalibi ya rufe kansa a ɗaki mako guda a Hayin Dogo, mai gida ba zai sani ba sai ranar karɓar kuɗin wuta. Labarinsa kan iso sashen ne a makare, ta bakin ɗan ajinsu ko ta ofishin 'yan sanda.

Gidauniyar Ɗangote ta miƙa wa jami'ar sababbin ɗakunan kwana a 2019, masu ɗaukar ɗalibai fiye da 2,000, a sabon ɓangaren da ake faɗaɗawa. Ya taimaka, layin kuma bai ƙare ba. Jami'ar nan ta yaye shugaban ƙasa, Umaru Musa 'Yar'aduwa, da mataimakan shugaban ƙasa, da gwamnoni da sarakuna da shugabannin bankuna, da yawansu a waɗannan gadajen ƙarfe suka kwana. In sun tashi yi wa tsohuwar makarantarsu alheri, sun fi son babban zauren lacca, inda za a manna suna a goshi a yanka kyalle. Ɗakin kwana ba ya kyau a hoto, ga shi yana zuwa da banɗaki da famfo da kwatami da albashin mai tsaron ƙofa, kuma sai an ci gaba da gyara shi kowace shekara.